Filin Tambayoyinku: Ƙauna da Jituwa a Wajen Koyo da Koyarwa

Wasiƙun da suka taru a wannan watan sun fito daga wurare daban-daban, amma da yawansu sun haɗu a kan abu guda, wato yadda ƙauna da zaman lafiya ke shafar karatun yaro da na babba. Na zaɓi biyar na taƙaita su, kuma kamar yadda muka saba, na sakaya sunayen masu su da na makarantun da suka ambata.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin aji huɗu ne a wata firamare ta gwamnati, kuma yara 94 ne a rajistata. Sabon hedimastanmu ya ce kowa ya ajiye bulala, wai da ƙauna ake koyarwa. Tsofaffin malamai na cewa wannan maganar Turawa ce, mu da bulala aka koya mana kuma ga shi mun zama mutane, har ma mun taso muna jin ana cewa duk inda bulalar malam ta taɓa wuta ba za ta ci ba. Ina son yaran nan, amma ban ga yadda mutum ɗaya zai riƙe wannan taro ba tare da tsoratarwa ba. Shin ƙauna na iya riƙe aji?
Malamin firamare, Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara maka haƙuri, domin manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kai kuwa kana ɗauke da nauyin da ya kusa na malamai uku. Duk wanda zai ba ka shawara ya kamata ya fara amincewa da wannan, don kada a ɗora maka laifin da yake na masu gina azuzuwa da ɗaukar malamai.

Zan fara da batun cewa maganar Turawa ce, domin shi ya fi damuna. Imamu Muslim ya ruwaito labarin Mu'awiya ɗan Hakam, wanda yana sabon shiga Musulunci wani ya yi atishawa ana cikin salla, shi kuwa ya ce masa “yarhamukallah”. Mutane suka zuba masa ido, ya sake magana yana tambayar abin da ya sa suke kallonsa, suka shiga bugun cinyoyinsu don ya yi shiru. Da aka idar, Manzon Allah (SAW) ya bayyana masa cewa zancen mutane bai dace a cikin salla ba, domin tasbihi ce da kabbara da karatun Alƙur'ani. Mu'awiya ya ce bai taɓa ganin malamin da ya fi shi iya koyarwa ba, kafinsa ko bayansa, kuma ya rantse cewa bai daka masa tsawa ba, bai doke shi ba, bai zage shi ba. Ka lura cewa gyaran ya auku sarai, ba a kawar da kai daga kuskuren ba, kuma nan take Mu'awiya ya saki jiki ya shiga jero tambayoyi a kan zuwa wurin bokaye da camfi da sauran abubuwan da ya baro a jahiliyya. Da an kunyata shi a bainar jama'a, da waɗannan tambayoyin sun mutu a cikinsa, mu ma da ba mu gaji amsoshinsu ba.

Gundarin maganar ke nan a ganina. Karatu ba ya kankama sai yaro ya iya buɗe baki ya ce, “Malam, ban gane ba,” kuma yaro ba ya faɗin haka sai ga wanda ya tabbata ba zai wulaƙanta shi ba. Ajin da tsoro ya riƙe yakan yi tsit, mai wucewa ta bakin taga ya ce ga malami mai iya aiki, kuma in ka tambaye su ko sun gane duk za su amsa baki ɗaya cewa sun gane, sai ranar jarrabawa asiri ya tonu. Yaron da hankalinsa ke kan hannun malami ba zai iya ajiye shi a kan allo a lokaci guda ba.

Malamanmu na da sun hango wannan tun kafin a san da makarantar boko. Ibn Haldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya ware fasali guda a cikin littafinsa Muƙaddima don nuna cewa tsanani yana cutar da almajiri, musamman ƙarami. Ya ce wanda aka rena da ƙarfa-ƙarfa yakan rasa kuzari, ya zama malalaci, ya koyi ƙarya da yaudara, domin ya saba nuna abin da ba shi ke cikin ransa ba saboda gudun hannun da zai sauka a kansa. Kafin shi da kusan ƙarni biyar, Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, ɗan mai littafin fiƙihu na Mudawwana, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan ladubban malaman yara. Gaskiya ne bai hana duka gaba ɗaya ba, amma dubi shingen da ya kafa: kada a wuce bulala uku sai da izinin uba, kada a doki kai ko fuska, kada a hana yaro ci da sha, kuma kada malami ya yi duka don huce haushinsa. In aka auna abin da ke faruwa a azuzuwanmu da wannan ma'auni, kaɗan ne daga cikin dukan da ake yi zai tsallake, domin yawanci gajiya da fushi ne ke ɗaga hannu. Maganar cewa wuta ba ta cin inda bulala ta taɓa kuwa ba ta da tushe a Alƙur'ani ko ingantaccen hadisi.

Masu cewa da bulala suka zama mutane, ina roƙonsu su tuna da abokan ajinsu da suka gudu tun aji uku saboda tsoron malamin lissafi, waɗanda har yau sai sun nemi mai karanta musu takardar asibiti. Waɗannan ba a jin muryarsu a ofishin malamai, shi ya sa lissafin yake fitowa kamar kowa ya tsira. Binciken zamani ma ya tafi a kan wannan hanya. A 2016 wasu masana biyu a Amurka, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun tattara nazarce-nazarce 75 da suka shafi yara fiye da 160,000 a kan dukan da iyaye ke yi, suka ga yawan duka yana tafiya tare da ƙarin taurin kai da faɗa da damuwa, kuma ba su ga yana ƙara biyayya ba.

Amma hedimastanku shi ma akwai sauran aiki a gabansa. Afirka ta Kudu ta haramta duka a makarantu a 1996, Kenya ta bi sahu a 2001, kuma a ƙasashen biyu duka bai ɓace don an sa hannu a takarda ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne an karɓe bulala daga hannun malamai ba a nuna musu abin da za su riƙe a madadinta ba. Ya kamata ya zauna da ku ku tsara abin da za a yi wa mai makara da mai surutu da mai cin zali, domin ƙauna ba sangarta ba ce. Ibn Haldun ya kawo wasiyyar da Halifa Haruna Rashid ya yi wa malamin ɗansa Amin, inda ya ce kada sa'a ta wuce bai amfanar da yaron da wani abu ba, amma kada ya baƙanta masa har ya kashe basirarsa, kuma kada ya sakar masa har ya ɗanɗani daɗin zaman banza.

Ga abin da nake ganin zai yiwu a ajinka. Ka haddace sunayensu duka ko da zai ɗauke ka zango guda, domin yaron da aka kira da sunansa daga bayan aji ya san ana ganinsa, kuma rabin surutu daga waɗanda suka ɗauka ba a san da su ba yake fitowa. Ka karɓe bulala daga hannun monita kafin komai, domin yaro ba ya hukunta ɗan uwansa da adalci, kuma gabar da ake ƙullawa ta nan takan bi su har unguwa. Ka kasa su rukuni-rukuni, a kowane rukuni ka sa wanda ya iya karatu ya riƙa jan waɗanda ba su iya ba, ka riƙa yabon rukunin da na bayansa ya ci gaba. Dokokinka su zama kaɗan, kowa ya san su, kuma hukuncinsu ya dace da laifin: wanda ya zubar da shara ya share, wanda ya zagi wani ya ba shi haƙuri, wanda bai yi aikin gida ba ya zauna ya yi shi lokacin tara. In za ka yi wa yaro faɗa mai zafi, ka ja shi gefe. Imamu Gazali ya ce a tsawatar wa almajiri ta hanyar ishara da tausayi gwargwadon iko, domin tsawa a fili tana yaye labulen kwarjini, ta sa yaro ya daina jin nauyin saɓawa. Kalmomi irin su daƙiƙi da jaki kuwa ka binne su. Kafin ka yanke cewa yaro ba ya ganewa, ka matso da shi gaba na mako biyu ka gani, domin da yawa daga cikin waɗanda ake kira da waɗannan sunaye ba sa ganin allo ne, ko ba sa ji sosai, ko kuma ba su karya ba suka fito.

Tambaya: Malam, ina da mata biyu da 'ya'ya tara. Ɗana na wajen uwargida mai shekara 11 a da shi ke zuwa na ɗaya ko na biyu, yanzu ya koma can baya kuma ya zama shiru-shiru. Na sauya masa makaranta, na ɗauko mai yi masa darasi a gida, babu canji. Malaminsa ya ce in duba gida. Gaskiya tun bara babu jituwa tsakanin matan, kuma ni mutum ne da ba na wasa da yara, domin mahaifina ya koya mini cewa ka ƙi naka duniya ta so shi. Mene ne haɗin rigimar manya da karatun yaro?
Ɗan kasuwa, Gusau

Amsa: Alhaji, Allah ya daidaita maka gidanka. Da farko ka riƙe malamin nan da kyau, domin ba kowane malami ke da ƙarfin halin gaya wa uba irin wannan magana ba, kuma bai faɗa ba sai don ya damu da ɗanka.

Yaro mai shekara 11 ya fi yadda kake zato sanin abin da ke gudana. Yana jin habaicin da ake yi a tsakar gida, yana ganin idon mahaifiyarsa da safe, kuma a unguwa ya ga gidajen da irin wannan rigima ta ƙare da saki, uwa ta tafi aka bar yara. Da wannan fargaba yake kwana, da ita yake zama a benci. Malami na bayanin kasafi a kan allo, shi kuwa yana tunanin ko zai koma ya tarar da uwarsa a ɗakinta. Sabuwar makaranta da mai darasi ba za su kai ga wannan ba, domin basirarsa tana nan inda take, wani abu ne ya cika masa zuciya.

Karin maganar da mahaifinka ya koya maka gaskiya ce a muhallinta, wato kada ka goyi bayan ɗanka in ya yi laifi, kada kuma ka hana a gyara shi. Ba ta ce ka hana shi fuskarka ba. Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, sai ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Haka kuma lokacin da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi wa Nu'umanu kyauta shi kaɗai ya zo neman shaida, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irinta, da ya ce a'a sai ya umarce shi da ya ji tsoron Allah ya yi adalci tsakanin 'ya'yansa. A gidan da ke da ɗakuna biyu, wannan hadisi ya shafi har littafin rubutu da takalmin makaranta. Ka saya musu rana ɗaya, ka biya kuɗin makarantarsu rana ɗaya, ka duba sakamakon kowa da fuska iri ɗaya, domin yara na ƙirga waɗannan abubuwa, iyayensu mata ma na ƙirgawa.

Ba ni da ikon sasanta matanka daga wannan shafi, kuma wataƙila sai ka nemi manyan dangi su shiga. Abin da ke hannunka tun yau shi ne ka kafa doka cewa ba a rigima a gaban yara, ba a aiken yaro da baƙar magana, ba a sa shi ya kai rahoton abin da ya gani a ɗaya ɗakin. Sa'an nan ka ware wa yaron nan lokaci. Ka tafi da shi shago ranar Asabar, ka ba shi littafin bashi ya tara maka, ka ce ya karanta maka abin da aka koya musu, ka saurara ba tare da ka kama kuskure ba a karon farko. In ka sami sarari ka gaya masa da bakinka cewa saɓanin manya ba laifinsa ba ne, kuma shi ɗanka ne ko me ya faru. Yara da yawa suna ɗora wa kansu laifin abin da ba su da hannu a ciki, kuma babu wanda zai sauke masa wannan kaya sai kai.

Tambaya: Baba Malam, ina aji biyar na sakandare. Malaminmu na lissafi yana da 'yan gaban goshi, su kaɗai yake tambaya. Ya taɓa ce mini a gaban aji ƙwaƙwalwata ba ta lissafi ba ce, tun daga ranar na tsani darasin, ga shi ina son karanta aikin jinya.
Ɗaliba, Azare

Amsa: 'Yata, abin da ya faɗa miki kuskure ne, kuma kada ki mayar da shi hukunci a kan kanki. A 1968 wasu masu bincike, Robert Rosenthal da Lenore Jacobson, sun wallafa gwajin da suka yi a wata firamare a jihar Kalifoniya ta Amurka. Sun ba malamai sunayen wasu yara suka ce gwaji ya nuna basirarsu na gab da buɗewa, alhali kuwa da ka aka zaɓo sunayen. A ƙarshen shekara waɗannan yaran sun fi sauran ci gaba, musamman a ƙananan azuzuwa. Binciken da ya biyo baya ya nuna tasirin bai kai girman da aka fara zato ba, amma yana nan: wanda malami ke kyautata wa zato shi yake yawan tambaya, shi yake jira ya yi tunani, shi yake yi wa ƙarin bayani. Saboda haka ratar da ke tsakaninki da 'yan gaban goshi wani ɓangarenta ratar kulawa ce. Ɗan Sahnun da na ambata a sama ya ce malami ya daidaita tsakanin ɗan babban gida da ɗan talaka wajen koyarwa, in ba haka ba ya ci amana.

Kada ki bar aikin jinya saboda jimla ɗaya, ga shi kuma lissafi yana cikin darussan da sai kin ci su kafin a ɗauke ki. Ki nemi ɗaya daga cikin ƙawayenki da suka iya ku riƙa zama kullum ko na rabin sa'a ne, ki koma littafin aji uku ki gano inda zaren ya tsinke miki, domin lissafi hawa-hawa ne. In kin tara tambayoyi, ki kai wa malamin a ofishin malamai tare da wata ƙawarki, cikin ladabi, sau da yawa malami yakan sauya zato in ya ga ƙoƙari. In wulaƙancin ya ci gaba, ki gaya wa mahaifinki ko malamar da ke kula da ajinku. Ina ƙara miki da wata magana ke da sauran 'yan mata masu karanta wannan shafi: ƙaunar malami ga ɗalibi irin ta uba ce, a fili ake yin ta kuma kowa na samun rabonsa. Duk wanda ya nemi keɓewa da ke ko ya ce ki ɓoye wa iyayenki wani abu, ki sanar da babba nan da nan.

Tambaya: Malam, ni shugabar wata sakandare ce mai zaman kanta a Kaduna, inda 'ya'yan Musulmi da na Kirista ke karatu tare. Babu faɗa, mun gode Allah, amma kowane ɓangare na zama gefe guda a aji, lokacin tara ma kowa da nasa yake cin abinci. Ina yi musu nasihar haɗin kai a taron safe, su tafa, su koma yadda suke. Me ya rage in yi?
Shugabar makaranta, Kaduna

Amsa: Ranki ya daɗe, yaran nan taswirar garinsu suka shigo da ita aji. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 mutane da yawa suka sauya unguwa, har kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, kuma ɗalibanki duk bayan wannan aka haife su, ba su san wani zama ban da shi ba. Tara yara a ƙarƙashin rufi ɗaya mataki ne mai kyau, shi ne tunanin da ya haifar da kwalejojin tarayya na farko a Sakkwato da Warri da Okposi a 1966, da kuma hidimar ƙasa a 1973. Sai dai zama kusa da juna kaɗai ba ya haifar da jituwa, nasiha ma ba ta isa, sai in kowane yaro yana da wata buƙata ta gaske a hannun ɗan uwansa.

A 1971 an haɗa 'ya'yan farare da na baƙaƙe da na 'yan asalin Meziko a makarantun birnin Austin na jihar Texas bayan shekaru suna rabe, sai gaba da faɗa suka tashi. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Elliot Aronson, ya lura cewa tsarin ajin da kansa ke hura wutar, domin kowa na gasar ɗaga hannu ne don ya burge malami, faɗuwar wani kuma ribar wani ce. Sai ya kasa yara rukuni na mutum biyar ko shida a gauraye, ya raba darasi gida-gida, ya ba kowane yaro kashi ɗaya tak, aka ce jarrabawa za ta taɓa dukan kason. Ta haka wanda ake yi wa dariya saboda harshensa ya zama shi kaɗai ke riƙe da abin da sauran ke buƙata, dole suka koyi sauraronsa da yi masa tambaya cikin lalama. Cikin 'yan makonni aka ga yaran sun fi son juna da makarantar, kuma waɗanda ke baya sun ɗago.

Wannan ba ya cin kuɗi. In darasin zazzaɓin cizon sauro ne, wani ya riƙe rayuwar sauro, wani yadda ƙwayar cutar ke shiga jini, wani alamomi, wani magani, wani rigakafi, kuma ke da malamai ne za ku tsara rukunin, kada a bar yara su zaɓa. Haka za ki yi da ƙungiyar ƙwallo da ta muhawara da aikin lambu. Kada a nemi kowa ya sassauta addininsa don a zauna lafiya, a dai ba kowa lokacin ibadarsa da mutunci iri ɗaya, a kuma yi adalci wajen naɗa shugabannin ɗalibai. Sa'an nan ki leƙa ofishin malamanki ki ga yadda su suke zama, domin in a can ma kowa da gefensa, yara sun riga sun karanta wannan darasi kafin ki hau dandamali. Garinku kuma yana da misalin da ya fi kowace nasiha: Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka kasance a ɓangarori biyu masu gaba a rikicin 1992, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan uwansa, ɗaya ya rasa hannu, suka dawo suka kafa cibiyar sasanci tare a 1995. Ya kamata ɗalibanki su san wannan labari kamar yadda suka san na rikicin.

Tambaya: Malam, ina koyar da matan aure a wata Islamiyya ta unguwa bayan la'asar. Mun fara da mata fiye da 40, yanzu da ƙyar 15 ke zuwa. Da na bi sawu, wasu suka ce kunya suke ji domin ƙananan amare na yi musu dariya in sun yi tuntuɓe a karatu, wasu kuma ƙananan maganganu ne suka kore su. Ni dai aikina biya karatu ne. Shin sasanta mata ma nawa ne?
Malama, Damagaram

Amsa: Malama, naki ne, kuma kina da magabaciya a wannan aiki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman zamaninsa da ke koyar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta mayar da wannan magana aiki. A ƙarshen shekarun 1830 ta kafa tsarin 'Yan Taru a lokacin da yaƙe-yaƙe suka bar ƙauyuka cike da zawarawa da matan da ba su san ko da hukuncin tsarki ba. Ta zaɓi dattijai mata masu mutunci a garuruwansu, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, su kuma suka riƙa jagorantar ayarin mata zuwa wurinta suna komawa da waƙoƙin karatu cikin Hausa da Fulatanci don koya wa waɗanda ba su iya fitowa ba. Ki dubi hikimar da ke ciki: tsohuwar da za a iya yi wa dariya don ba ta iya baƙi ba, ita aka ɗora a gaba aka girmama, karatun kuma ya tafi tare da zumunci da taimakon marasa lafiya da gajiyayyu.

Babbar mace da ta aurar da 'ya'ya, in ta zauna a tabarma tana haɗa baƙi a gaban sa'ar 'yarta, ta riga ta yi jihadi da zuciyarta kafin ta iso, kuma dariya ɗaya ta isa ta mayar da ita gida har abada. Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, ki karanta musu wannan, amma ke ce za ki gina wurin da mai kunya za ta iya buɗe baki. Ki ware wa manya rukuninsu ko ranarsu, ki riƙa sauraron mai rauni a gefe kafin ta karanta a gaban jama'a, kuma ranar da aka yi dariya ki tsayar da karatu ki nuna ɓacin ranki a fili ba tare da kin kama suna ba. Ki sa doka cewa zancen gidan wata ba ya shigowa makaranta, abin da aka ji a makaranta kuma ba ya fita. Ki naɗa biyu ko uku daga cikin dattijan su zama masu duba wadda ta haihu ko ta yi rashi ko take jinya, su kuma ne za su riƙa kashe ƙananan maganganu tun ba su kai gare ki ba. Game da waɗanda suka riga suka daina zuwa, kada ki aika musu yaro. Ki fara da wadda ta fi shekaru a cikinsu, ki je gidanta da ƙafarki, ki ba ta haƙuri a kan abin da ya faru a ajinki, ki roƙe ta ta dawo ta taya ki riƙon makarantar, domin in ta dawo akwai waɗanda za su biyo ta ba sai kin je musu ba.